Ɗanyen Itace a Gaban Gidan Gilashi

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ja tabarmar nan ki zauna. In kuma namiji ne kai takardar ta faɗa hannunka, to tsaya daga bakin ƙofa, muryata za ta kai maka. Akwai abin da na yi wa ƙanin mijina shekarun baya, har yau kuma ban yi nadama ba. So nake in faɗe shi tun daga tushe, don masu ba da labarin a cikin dangi daga tsakiya suke farawa, daga inda na zama muguwa.

Lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, Abuja kuwa kamar an buɗe mata famfo. Duk inda ka juya tifa ce ɗauke da yashi, ga dogayen injunan ɗaga kaya suna juyi a sama. Ka yi wata biyu ba ka bi wata hanya ba, in ka dawo sai ka ɓata, bene ya tsiro a inda ka san mai gasa masara. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Muna haya a wata tsohuwar unguwa, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya mu da maƙwabta, ana faɗa ana shiryawa. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangonmu, an ce rusau na tafe. Allah ya taimake mu maigidan yana da ɗan fili a bayan Kuchigoro, kan hanyar filin jirgi, wanda ya samu tun wurin yana daji ba mai so.

Ƙanin nasa, uwa ɗaya uba ɗaya, zanen gine-gine ya karanta a jami'a, amma kowa Injiniya yake ce masa. Duk hutun da ya yi a duniya a ɗakina ya yi shi, tuwona ya ci har ya ɗauki digiri. Akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanin miji. Shi ya ce mini "matarmu", ni in ce masa "mijin da ba ya cefane". Da gari ya buɗe sai ya samu ofis a Wuse, ya yi mota, ya fara sa tabarau ko ba rana.

Shi ya ce wa yayansa a bar masa ginin. Zai zana kyauta, zai kuma kawo ragowar gilashi da tayil da fenti daga wuraren aikinsa. Abin da yake so kawai, in an gama ya riƙa kawo masu neman a yi musu gini su ga irin hannunsa. Maigidan ya yi ta sa masa albarka. Ni kuwa abu ɗaya na roƙa.

Na ce, "Injiniya, ni dai tsakar gida. Inda zan kafa murhu, in ajiye turmi, in yi shanya, in cire mayafi in zauna iska ta taɓa wuyana."

Ya ce, "An gama, matarmu. Ke da gidanki."

Ranar da za a fitar da harsashi na dama kunun zaƙi na kai wa leburori. An kafa turaku, an ja igiya, an bi layi da toka. Na ajiye bokiti na bi layukan da ƙafa. Sai na ga ginin ya tafi har jikin iyakar baya, ko akuya ba za ta juya a ratar ba, gaba kuwa an bar fili fetal yana kallon titi. Na ce, "Injiniya, ina wurina?"

Ya warware babbar takardar zanen a kan motarsa ya miƙo mini. Na riƙe ina dubawa. Ya bar ni na ɗan jima, sannan ya sa yatsu biyu ya kama kusurwarta ya juya mini ita. Ashe a kife na riƙe.

"Ta nan ake dubawa," in ji shi.

Leburori suka kwashe da dariya, kofin kununa a hannunsu. Ya juya wurin shugaban maginan ya yi masa Turanci. Ni makarantata ba ta yi nisa ba, amma kunnena ba ya barci. Na san kalmar ƙauye da Turanci, na san kalmar itacen girki, yarana suna karanta su a gabana. Sau biyu na ji ta ƙauyen. Sannan ya dawo Hausa ya ce, "Matarmu, nan fa birnin tarayya ne. An wuce zamanin hura wuta da baki. Ke dai ki jira makulli."

Maigidan yana tsaye yana kallon takalminsa. A mota muna dawowa abin da ya ce kawai, "Ki yi haƙuri, shi ya yi karatun."

To, an ba ni makulli. Gida fari tas kamar ƙwai, rufi shafe ba a ganin kwano, gaban falo gilashi tun daga ƙasa har sama. Katangar gaba bulo ne iya gwiwa, sama da shi ƙarafa jere, wai don na kan titi su ga kyan gini. Filin gaban aka dasa masa ciyawa, aka ce ba a takawa. Kicin kuwa a cikin falo yake, wani dogon teburin siminti ne kawai ya raba su. Kina tuƙa tuwo, gumi na zuba, baƙon maigida na kan kujera yana kallon ƙeyarki. Ran da na fara sa daddawa a miya, sai da kujerun suka kwana uku suna ba da labari. Na daka yaji sau ɗaya, tayil ya tsage kamar an ja masa layi. Injiniya ya zo ya tsuguna yana shafa tsagar kamar ɗansa ne ya ji ciwo, washegari ya aiko mini da injin markaɗe, wanda ba ya motsi sai an kawo wuta, wutar kuwa kin san halinta. Wanki a banɗaki nake shanyawa, ya bushe yana warin gumi. In zan zubar da ruwan wanke-wanke sai na sa hijabi. Da rana gilashin nan ya tara zafi, falo ya koma tanda. 'Yan acaɓa su rage gudu suna leƙe, ni ina ciki kamar kayan kanti.

Ran Asabar kuma ga waya. "Matarmu, ina tafe da baƙi. A kwashe takalma, a ɓoye butoci, a shiga ciki da yara." Sai in kwashi 'ya'yana mu shige uwar ɗaka mu yi tsit, a gidana, ina jin sa a falona yana bayani, takalman baƙi na ƙwas-ƙwas. Ya ɗauki hoton gidan ya rataye a ofishinsa. Na taɓa ganin hoton. Babu mutum ko ɗaya a ciki.

Shekara biyu muna haka. Ni mai surutu ce, duk wanda ya san ni ya sani, ko kaza na samu sai na ba ta labari. Amma a kan wannan na rufe bakina, ban sake ce wa kowa komai ba.

Tun a shekarar farkon ne Injiniya ya yi aure. Yarinya 'yar Yola, ma'aikaciyar banki, mai sanyin hali, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Ni da ita ba mu taɓa ko musu ba, ina so ki riƙe wannan. Suka zauna a hawa na uku a wani rukunin benaye a Wuse, inda ko gawayi aka ga ka shiga da shi sai mai gadi ya biyo ka. Da shekara ta zagayo ta haifi 'ya mace. Inna, uwar mijina, ta taso daga gida da buhun gero, da ƙullin kanwa, da kayan yaji, da bakinta.

Kin san wankan jego ba abin wasa ba ne a wurin tsofaffinmu. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa ya tafasa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego har zafin ya shiga ƙashi. Inna ta hau benen nan tana hutawa a kowace kwana, ta ga jikarta, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Ina ake dafa ruwa?"

Injiniya ya kai ta banɗaki ya murɗa mata famfon ruwan zafi. Ta tara hannu ta ji.

"Wannan ai ruwan alwala ne."

"Inna, likita ma ya ce ba sai an yi mai zafi sosai ba."

"Likitan ne ya haife ka? A kai ta gidan yayanka."

Maigidan ne ya kira ni a waya ya faɗa mini. Na ce to, Allah ya kawo su lafiya. Da na ajiye wayar na zauna a bakin gado na yi dariya har sai da hawaye suka zubo.

Suka iso da yamma. Aka tsaya neman inda za a kafa murhu. Baya ba wuri, Injiniya ne ya zana, ya sani. Ya ce zai sayo babban murhun gas a sa a kicin. Inna ta ce ita ba ta kwana gida ɗaya da bam. Ya ce to a dafa a wajen katanga. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A titi? Ruwan mai jego, duk idon da ya wuce ya faɗa ciki?" Ba sauran wuri sai kan ciyawar da ba a takawa. Injiniya ya nuna can kusurwar get, nesa da gini, ya ce a nan.

Sai na matsa kusa da Inna na yi ƙasa da murya. Na ce, "Inna, daga can zuwa banɗaki da nisa fa, ga ruwa yana tafasa, ga ƙafarki. In aka yi tuntuɓe?"

Inna ta ce, "Gaskiyarki, 'yar nan." Ta nuna dab da ƙofar falo.

Shekara biyu ina zaune a bayan gilashi ba abin yi sai kallon waje, don haka na san iskar gidan nan kamar tafin hannuna. Daga wajen get take tasowa, ta bi ta kan ciyawa ta daki farin bangon nan da gilashin da ke gefensa. Ni da hannuna na jera bulo uku a daidai bakin hanyarta, na ɗora rabin duro.

Akwai wata 'yar Gbagyi da ke kawo itace unguwarmu. Daga wajen Paikon Kore take lodinsa a mota, in an sauke ta riƙa ɗauka a kafaɗa tana bi gida-gida. Na tare ta a bakin get.

Ta ce, "Madam, itacena ya bushe sosai, ashana ɗaya ita yana kamawa."

Na ce, "Ina son busasshen. Amma ki haɗo mini da ɗanye, wanda aka saro jiya-jiya."

Ta sauke kayan ta dube ni. "Ɗanye? Madam, kai kana so ka kori sauro ne ko ka kori miji?"

Na ce, "Ke dai ki kawo."

Ga yadda nake yi. Busasshe a ƙasa, wuta ta kama sosai, ruwan yarinya ya tafasa yadda Inna ke so, ban taɓa rage mata zafi ko sau ɗaya ba. In ya tafasa sai in ɗora ɗanyen a kai. Mai jego da jaririya suna can ɗakin ƙarshe, na rufe tagarsu, na jiƙa tawul na toshe ƙasan ƙofa, hayaƙi bai taɓa isa gare su ba. Shi dai bango ne abincinsa. Kwanakin farko ya yi ruwan ɗorawa. Daga nan ya koma ruwan ƙasa. Kafin sati biyu wani baƙin harshe ya miƙe tun daga gindin bango har rufi, gilashin kuwa ya dushe kamar idon tsohon jaki. Ciyawa ta ƙone ta yi faifai. Ganyen darbejiya ko'ina.

Ran suna abin ya cika. Mata suka taru, aka jera manyan tukwane, aka babbake ƙafafun saniya na mai jego, turmi uku suna amsa wa juna a kan ciyawar Injiniya. Inna ta ga maza na leƙe daga titi ta ce a ɗaura zannuwa a jikin ƙarafan nan. Aka ɗaura, atamfa kala-kala tun daga wannan kusurwa har waccan. Ranar na fara zama a waje a gidana ba mayafi, na miƙe ƙafa, iska na bi ta wuyana. Har na manta da abincin da ke hannuna.

Injiniya in ya zo duba iyalinsa sai ya tsaya ya ɗaga kai yana bin baƙin harshen nan da ido.

"Matarmu, wannan hayaƙin fa?"

"Ruwan matarka ne, mijin da ba ya cefane. Ni 'yar aiki ce."

"Wane irin itace ne wannan?"

"Irin na ƙauye."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Muna cikin kwana na ashirin da wani abu ya zo mini da rana tsaka, fuska ba wasa. Ya same ni ina tsince gero. Bai ce matarmu ba, sai na ji ya ce, "Yaya." Tunda nake da shi bai taɓa kirana haka ba. Ya tsuguna ya yi mini bayani. Wani Alhaji mai kamfani zai gina babban rukunin gidaje a hanyar Kubwa, ya ga hoton gidanmu a ofis ya ce irinsa yake so, amma sai ya gani da idonsa. Ran Asabar zai zo, daga nan zai yi tafiya, ba ɗagawa. In aikin nan ya faɗo hannunsa, sunansa ya kafu a Abuja.

"Kwana uku kawai, Yaya. A ɗauke murhun, a kwance zannuwan, masu fenti su yi aikinsu, baƙi su duba su tafi, Lahadi ki mayar da kayanki. Ke Inna take jin maganarki."

Wallahi na ji tausayinsa. Na tuna shi da ɗan akwatinsa yana dawowa hutu, wuya kamar na zakara. Na ajiye faifan na ce, "Zan lallashi Inna. A kai tukunyar gidan maƙwabciyata mu riƙa ɗaukowa. Amma ka yi mini alkawari, in baƙinka sun tafi, za a ɗaga katangar nan a bar mini filin gaban ya zama tsakar gidana."

Ya miƙe tsaye. "Haba Yaya! Ai katangar ce kyan gidan. In aka toshe gaban nan an kashe zanen. Ki daina irin wannan tunanin na…"

Ya tsaya. Bai ƙarasa ba, amma ni na ji kalmar, har yadda bakinsa ya shirya mata na gani.

Na ce, "To shi ke nan, bari in gaya mata."

Na shiga na sami Inna tana gasa wa jaririya cibiya. Na durƙusa na ce, "Inna, Injiniya ya ce a tsayar da wankan kwana uku, baƙi za su zo kallon bango." Ki duba maganar nan da kyau, ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki.

Inna ta ce, "Kira mini shi."

Ya shigo ya tsuguna. Ta ce, "Bangon ne ya haifa maka 'ya? Yarinya marainiya, uwarta na ƙasa, an ba mu amana, kai kuma za ka yanke mata wanka sanyi ya shige ta ya zauna, ta tsufa tana ɗingishi, don wani mai ƙaton ciki ya ga fenti? In ka taɓa tukunyar nan ban yafe ba." Matarsa tana kwance ta juya fuska bango. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, ban kuma tambaya ba.

Duk da haka ya kawo masu fenti ran Juma'a. Suka hau tsani suka shafe baƙin, bango ya koma fari yana ƙyalli. Da la'asar lokacin wanka ya yi. Na hura wuta, ruwa ya tafasa, na ninka ɗanyen itace. Fenti bai bushe ba, ya sha hayaƙin nan, toka ta tashi ta manne masa. Kafin magariba bangon ya fi da muni, ya yi dabbare-dabbare kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda.

Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya. Ina gaban murhu da wutar safe. Alhajin ya shigo da babbar riga fara, da wata Hajiya mai tabarau, daga baya na ji ita ce ke kula da ayyukan kamfanin. Hayaƙi ya tare su tun daga get. Alhaji ya yi tari ya ɗaga kai.

"Wannan ne gidan da ke cikin hoton?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Iyali ne suka haihu, shi ya sa…"

"Shekararsa nawa?"

"Biyu."

"Biyu," in ji Alhaji, ya sake duban bangon.

Hajiyar ba ta bi su ba, wurina ta nufo. Ta yi mini barka, ta sunkuya ta ɗauki reshen darbejiya ta shinshina, ta ce rabon da ta ji wannan ƙamshin tun haihuwarta ta fari a gidansu. Na zuba mata kunun kanwa ta sha a tsaye. Sai ta dubi hagu ta dubi dama ta ce, "To ke Hajiya, da can ina kike girki? Ina tsakar gidan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ban yi karatu ba, Hajiya. Injiniya ne ya sani."

Ta juya ta tambaye shi. Ya shiga Turanci, ya yi mai tsawo, hannu na zana abubuwa a iska. Ta bar shi har ya gama. Sannan ta ce da Hausa, a gaban kowa, "To gidajen da za ka zana mana, matan cikinsu ba za su riƙa haihuwa ba ne?"

Alhaji ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ko falon ba su shiga ba. Injiniya ya raka su mota, ya dawo ya tsaya a tsakiyar ƙonanniyar ciyawarsa ya dube ni. Ni kuwa na gyara itace.

Aikin bai zo hannunsa ba. Kada ki ɗauka wai na gyara Abuja. Wani aka ba, na bi ta wurin bayan an gama, akwatuna ne jere sun fi namu matsi, shanya a jikin taga, mata na girki a ƙarƙashin matakala. Shi ma Injiniya bai kwana da yunwa ba, lokacin aiki ke neman mutane. Amma wancan shi ya so, shi ya sa wa rai, kuma ta gaban murhuna ya wuce shi.

Da aka yi arba'in Inna ta ɗaure kayanta. Tana bakin mota ta ce wa maigidan, "Zannuwan nan kada a kwance su sai bulo ya hau. Matarka ba kayan kallo ba ce." Abin da na yi shekara biyu ina jira ya fito daga bakinsa, sai da uwarsa ta sa masa shi. Ya nemo birkila a nan unguwa, wani dattijo ɗan Filato mai yawan waƙar coci yana aiki. Ba takarda, ba zane. Da ƙafata na auna masa. Nan kicin na kwano, nan ɗan zaure a bakin get inda baƙi maza za su tsaya, nan a bar mini ƙasa ba siminti saboda turmi. Ya ce, "Madam, ke ce oga yau." Katanga ta tashi ta wuce tsayin mutum. Na dasa zogale da lalle a gindinta. Gilashin yana nan, yanzu tukwanena yake kallo. Maigidan ya so a sake fenti, na ce a bar mini bangona haka, har yau baƙin yana nan, ruwan sama ya ɗan koɗar da shi.

Injiniya bai sake shigowa ba. In ya kawo matarsa da 'yarsa sai ya tsaya a waje ya danna ham ɗin mota, ya gaida yayansa ta tagar mota. Su kuwa duk ƙarshen mako suna nan, yarinyar ta tashi tana bin kajina, uwarta ta cire takalmin banki ta zauna muna tsinkar zogale.

Asirina mai itace ce ta tona, ba da nufi ba. Wata rana maigidan yana zaure ta sauke kaya ta ɗaga murya ta ce, "Madam, kai ka daina sayen ɗanye! Mijin ya gudu ne?" Tana dariya ta tafi. Maigidan ya shigo ya tsaya a kaina. Mutum ne mai jinkirin magana, amma ba wawa ba ne. Ya ce, "Da gangan kika yi." Na ce, "Da gangan." Shi ya kai wa ƙaninsa, wai don a yi sulhu, daga nan dangi suka ɗauka.

Maigidan ya ce in je in nemi gafarar Injiniya, don shi kuskure ya yi, ni kuwa shiryawa na yi. Na ce ba kuskure ba ne abin da aka faɗa maka kafin ka fara, aka sake faɗa maka a bakin harsashi, aka kuma ba ka hanyar fita ka ƙi. Sharaɗina shi ne Injiniya ya zo ya shigo ta zauren nan da ƙafarsa, ya zauna a tabarma a tsakar gidan da ya ce ba za a yi ba, ya ci tuwon da aka dafa da itace, ya ce Yaya na yi miki ba daidai ba. In ya faɗa, kafin ya rufe baki zan ce na yafe, ni ma in roƙi tasa, har da kuka in ana so. Shi kuma ya aiko matarsa ta gaya mini yana ofis, duk ran da na shirya ƙofarsa a buɗe take.

Yarinyar da aka yi wa suna a kan ciyawar nan yanzu ta fi ni tsayi. Inna ta rasu ba ta ga mun shirya ba, wannan kam yana taɓa ni. Ga azumi ya kusa, maigidan ya sake tayar da maganar jiya muna karyawa. Ke da kika ji shi tun daga tushe, gaya mini tsakaninki da Allah: ni da shi, wa ya kamata ya fara taka ƙofar wani?